Yadda Sarjan Jatau Ya Ɗauki Kaji Soja

Ƙwai tara Inna ta jera wa Ladidi da hannunta, ranar wata Alhamis, ta ce da ni, "Illo, kwana ashirin da ɗaya ne. Ƙirga mini da lissafinku na lakwal, makarantar Nasara." Ana kwana na shida Inna ta kwanta ciwo. Ana na sha ɗaya muka kai ta gabas da gari muka dawo ba ita. Ni dai ban daina ƙirgar ba, don ba ta ce in daina ba. Ranar da lissafi ya cika na ji tsiyu-tsiyu a bayan rumbu. Duk tara sun fito.

Ladidi kaza ce mai wake-wake, ranar Lahadi aka ƙyanƙyashe ta, shi ya sa Inna ta sa mata sunan. In ka cire ni, ita da ɗiyanta ne kaɗai abin da ke motsi a gidanmu.

Ƙauyenmu tafiyar hantsi ne daga Gesheme, kuma kajinmu kiwon kansu suke yi. Damina ta kusa, hatsi ya yi ƙasa a rumbuna, ba mai iya kife kaza a akurki ya ciyar da ita. Shirwa kuwa ta iso gabanin ruwa kamar yadda ta saba. Cikin kwana uku ta ɗauke mini biyu. Na biyun ina tsaye, na ji kukansa yana ƙanƙancewa a sama har ya zama shiru. Saura bakwai, na kuma rantse a raina ba zan bari su koma shida ba.

A shekarar ne aka sallamo sojoji bayan yaƙin Jamus, cikinsu har da Kawu Jatau, ƙanen Inna. Ya dawo da jar hula, da usur da yake kira sifile, da takalma biyu duk na ƙafar hagu. Ya ce a riƙa kiransa Sarjan. Rumbunsa kaɗai ke cike a garin, don shekara huɗu 'yan'uwa na noma masa gona ba mai ci.

Da hantsi mata suna daka a gindin gawo suna lissafa 'yan tsakin da suka rasa, sai ga shi yana tafe, ƙafa ɗaya na neman ta bi wata hanya dabam.

"Kuna ba ni kunya," in ji shi. "Tsuntsu! Tsuntsu ya hana gari barci! Ni da na kakkaɓo jiragen Jamus goma sha ɗaya daga sama?"

Ma'u, taubashiyarsa, wadda al'ada ta ba ta ikon faɗa masa duk abin da ta ga dama, ta dogara taɓaryarta. "Da ludayi ka kakkaɓo su? Mun ji wake ka riƙa tuƙa wa soja a Dakar."

"Waken soja ba kowa aka ba shi ba, Ma'u. Saurara. Mi ne ne jirgi? Shirwa ce ta ƙarfe. Mi ce ce shirwa? Jirgi ne na nama. Wanda ya iya da na ƙarfe, na nama abin wasa ne. Matsalar kajinku guda ce: ba su da horo. Ku ba ni su kwana goma, in mayar da su soja."

"Wa za ya ba su hatsi?"

"Ni."

Duk taɓare suka tsaya. Ma'u ta ce, "In hatsinka ne, ko rawa za ka koya musu, bismilla."

Ya juyo gare ni. "Kai ma, ɗan 'yar'uwata, kawo ta gidanku. Kazar marigayiya ce, ita za ta riƙe tuta." Ban iya cewa a'a ba. Kawu ne, kuma idan ya ɗaga gira, Inna nake gani.

Aikin farko, in ji shi, soja sai da kaki. Shirwa tana gane ɗan tsako ne don launinsa. In aka rina duka suka zama iri ɗaya, za ta ɗauka duwatsu ne ke yawo. Ya je wajen Inusa marini ya ciko babbar tukunya da ruwan baba, ya girke ta a dandali, ya naɗe hannun riga. Kaza bayan kaza, zakara bayan zakara, ya tsoma ya ɗaga, ya tsoma ya ɗaga. Kafin azahar kajin gari sun jeru a rana suna karkarwa, duk baƙi wuluk mai sheƙin shuɗi, kamar rawunan attajirai sun yi ƙafafu.

Da ya zo kan Ladidi, ta bari ya ɗaga ta daidai fuskarsa, ta sare shi a tsinin hanci, ta yi fir ta haye rumbu. Ɗiyanta bakwai suka shige ƙarƙashi, inda hannu ba ya kai.

"Laifi na ɗaya," in ji Kawu, yana riƙe da hanci. "Ka rubuta, Illo, kai ne ka yi lakwal."

La'asar na yi gari ya rikice. Kowace mace da launi take gane kazarta: tawa ja, taki fara, tata mai wake-wake. Yanzu launi ɗaya ne. Mata uku suka kama kaza guda, wannan na ja da fiffike, waccan da ƙafa. Zakaran Liman ya daina gane matansa, ya bi na maƙwabta, aka kai ƙara. Mijin Ma'u ya yi baƙo, ya kama kaza ya yanka, sai da aka fige aka ga alamar zare a ƙafarta, ashe ta mai gari Gambo ce. Mai gari ya zo ya zauna ya ci rabonsa yana faɗa da baki cike.

Ana cikin haka Altine ta iso, tsohuwar da ke lura da al'amarin iskoki a garinmu, ta rungumo wani zakara mai sheƙi.

"Jatau! Aradu ka kashe ni! Wanga zakara fari ne tas, na yi wa Doguwa Fara alkawarinsa tun ciwon jikana. Dubi abin da ka mai da shi! In na kai shi haka, Doguwa Baƙa za ta ce nata ne. In na hana ta, ka san ta. In na ba ta, Fara ta ce ina nata. Yanzu na wa ne?"

Kawu ya duba zakaran, ya buɗe gashinsa ya leƙa ciki. "Mai sauƙi ne, Iya. Ciki na Fara, waje na Baƙa. Su raba."

"Kai za ka je Lugu, matattarar iskoki, ka faɗa musu su raba?"

"Ni soja ne, ba na shiga shari'ar farar hula."

Altine ta zauna a ƙasa ta fara wanke zakara da toka. Ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Ta ce wannan launin kuma akwai mai shi, kuma shi ya fi su duka rikici.

Shirwa fa? Washegari ta ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun. Kawu ya ce wannan makauniya ce, ƙamshi ta bi.

Aiki na biyu, rami. Ya haƙa dogon gurbi a gefen dandali, ya ce sunansa taranshe, nan soja ke ɓuya in jirgi ya zo. Kafin a gama, jakin mai gari ya fara gwada shi, sai da maza shida suka ciro shi. Kawu ya ce wannan shaida ce ramin yana aiki. Ragowar ruwan baba kuma ya juye a ciki, wai don ya kashe ƙuma.

Sannan horo. Tsarin shi ne: ya busa usur, kaji su taru a tsakiyar dandali, a ƙirga su, sannan su wuce rami.

Ma'u ta ce, "Mi ya hana su wuce rami kai tsaye?"

"Ji jahilci! Soja ba ya ɓuya sai an ƙirga shi. In ya mutu ba a ƙirga ba, wa ya san ya mutu?"

Ya busa, ya watsa gero a fili. Ya busa, ya watsa gero. Kaji ba wawaye ba ne. Kwana biyu kacal, da sun ji fiiit sai ka ga shuɗin gari na kwararowa daga kowane lungu, ta ƙarƙashin darni, ta bayan turame, har masu kwanci kan ƙwai. Kawu ya tsaya ƙiƙam yana ihu, "Gardabu!" wai su ƙame kamar soja. Su kuwa suna tsattsaga. Sashen rami ne dai ba su karɓa ba, don ba a watsa gero a can. Ya kama su ɗaya-ɗaya yana jefawa ciki, suna fitowa ta ɗaya bakin, sun ƙara baƙi.

Ladidi kaɗai ta ƙi. Da ta ji usur sai ta karkata kai ta dubi sama da ido ɗaya, ta yi wani guntun kuka a maƙogwaro, bakwai ɗin su shige ƙarƙashin rumbu. Kawu ya zo har gida ya busa mata a kunne. Ta sare shi a yatsa.

"Laifi na biyu: ƙin umurni. Na uku: dukan na gaba da ita. Kuma har yanzu ba ta sa kaki ba." Ya gyara hula. "Kwana takwas a kaso, ita da ɗiyanta!"

"Kawu, kazar Inna ce fa."

"Ko kazar kumandan ce. Ina akurkin gidan nan?"

Akurkin yana ɗakin Inna, ɗakin da ban buɗe ba tun ranar da muka fito da ita. Kafin in yi magana ya ture asabari ya shiga. Ƙamshin hayaƙi da daddawa ya biyo shi waje, na hangi zanenta a kan igiya yadda ta rataye shi. Ya ɗan jima a ciki fiye da yadda ɗaukar akurki ke buƙata. Da ya fito yana jan hanci, ya ce ƙura ce. Ya kife akurkin na saƙar kara a kan Ladidi da ɗiyanta a inuwar rumbu, ya aza dutse. Ya ce kar in kusanci ɗan kaso, shi ne mai gadi.

Ana kwana biyu da wannan, abin da ba wanda ya lissafa ya faru. Duk wanda ya tashi a karkara ya san kukan shirwa: fito ne siriri mai rawa a ƙarshe. Wata ta zagayo da hantsi ta yi kukanta don kanta. Kafin ka ce kwabo kajin gari sun fito daga maɓoyarsu da gudu, sun taru a tsakiyar dandali, sun ɗaga kai suna jiran gero. Ita kanta shirwar sai da ta zagaya sau biyu, ina jin ba ta yarda da idonta ba. Sannan ta sauko ta zaɓa.

Mata suka yi wa Kawu ca.

"Ku kwantar da hankali," in ji shi. "Abokin gaba ya saci sifile ɗinmu. Haka Jamus suka yi mana. Maganinsa a fi shi ƙarfin busa." Daga ranar ya riƙa busa sau goma a yini, kumatu kamar zuga-zugin maƙeri. Ni dai na lura, in ya busa, rassan gawo da na kuka sukan yi nauyi da wasu baƙi masu zaman shiru. Na gaya masa. Ya ce sun zo kallon horo ne, tsoro na kama su.

Ranar kwana na goma ya kira taro, wai defile, faretin soja. Aka shimfiɗa wa mai gari Gambo tabarma, Liman na gefensa, Altine da zakaranta mai launin rikici a cinya, har masu kawo nono daga ruga suka sauke ƙorai suka tsaya. Sama fes, ko gajimare babu. Kawu ya fito da jar hula da takalmansa, ya sara wa mai gari, har hular ta karkace.

"Ranka ya daɗe, yau za ka ga abin da ko a Dogon Dutsi ba su da shi."

Ya busa.

Kaji suka kwararo. Shirwa ma suka kwararo. Ashe kwana goman nan runduna biyu ya horar: ta ƙasa ta koyi cewa usur gero ne, ta sama ta koyi cewa usur nama ne. Daga gawo, daga kuka, daga bayan dutse, inuwa ta rufe dandali. Har da wasu shahuna biyu da ba mu taɓa gani ba, Altine ta ce tun daga garin Sukukutane suka amsa kira.

"Jatau, kore su rami!" in ji mai gari.

"Sai an ƙirga, ranka ya daɗe! An, do, turwa..." Shirwa ta sauko ta ɗauke turwa. "Kai! Wa ya sallame ka? Dawo layi!" Ya koma farko. "An, do..." Aka ɗauke an. "Gudun soja! A rubuta sunansa!"

"Ba shi da suna, kai ka rina shi!" in ji Ma'u.

Ya ga abin ya fi ƙarfin ƙirga, sai ya koma ga abin da ya sani: ya busa, ya busa, ya busa. Kajin da suka fara gudu suka ji kira suka juyo. Shirwan da suka fara tafiya su ma suka juyo. Liman ya miƙe yana salati yana kaɗa buzunsa a sama. Masu nono suka rufe ƙorai da jikinsu. Mata suka yi abin da uwayensu ke yi tun kafin a haifi Faransa: suka ɗauki ƙwarya da muciya suna bugawa, suna kuwwa, suna jifa da taɓarya da duk abin da hannu ya samu. Wata taɓarya ta wuce shirwa ta sami mai gari a gwiwa.

Wata shirwa ta ga ja a tsakiyar baƙi, ta zaci tsoka ce, ta sauko ta fizge hular Kawu. Ya ja da baya, ƙafar dama ta bi umurnin takalmin hagu, ya tafi rigingine cikin taranshe. Ruwan baba ya yi tsalle har tabarmar mai gari.

Ya kwanta a can ƙasa, usur a baki, numfashi ya ƙwace masa. Duk haki ɗaya sai fiit. Fiit. Fiit. Kaji suka taru a bakin rami suna leƙensa, shirwa na zagaye a samansa. Sai da Ma'u ta kwanta rub da ciki ta miƙa hannu ta zare usur ɗin daga bakinsa ta cusa a ɗaurin zanenta, sannan sama ta fara washewa.

Aka ciro shi, shuɗi tun daga ƙeya har dunduniya, idanu kaɗai farare.

"Barka, Sarjan," in ji Ma'u. "Yau kai ma ka sa kaki."

'Yan tsaki goma sha huɗu suka tafi a ranar. Mata suka kewaye shi, ba mai dariya kuma. Ni ban tsaya ba. Na ruga gida, zuciyata na gaba da ni, na ture dutsen na ɗaga akurki. Ladidi ta dube ni da ido ɗaya. Na ƙirga. Na sake ƙirgawa. Bakwai. Na durƙusa a nan na ɗan jima, hannuna a kan saƙar karan da hannun Inna ya goge har ya yi santsi.

Da na ɗago, gari duka ya biyo ni, sun tuso Kawu a gaba yana ɗiga.

"Wa ya ce ka buɗe kaso?" in ji shi. "Saura kwana uku."

Na ce, "Kawu, wagga kaza ba ta tuba ba. Ɗazu na ji tana zagin soja. Kwana uku ba za su ishe ta ba."

Ya dube ni, ya dubi bakwai ɗin. Ya ɗan miƙe ƙirji. "Zagin soja? Wata biyu! Sai ɗiyanta sun yi fiffike!"

Ma'u ta sunkuya ta ɗauki ɗan tsako guda ta auna a tafin hannu. "Kai, wanga ya fi nawa nauyi sau biyu. Wa ya ciyar da su kwana biyar?"

"Ji tambaya!" in ji Kawu. "Ni mana, safe da yamma. Ɗan kaso gwamnati ke ciyar da shi, doka ce. Gwamnati kuwa a nan ni ne."

Ma'u ta ajiye ɗan tsakon a hankali. Ta dubi Altine. Altine ta dubi matar Liman. Sai kawai na ga kowace ta juya ta nufi gidanta da sauri.

Kafin Kawu ya gama matse rigarsa, layi ya kai bakin rijiya. Kowace mace da akurki a ka, da kaza a hammata, da 'yan tsaki a ƙwarya. Ma'u ce a gaba.

"Ranka ya daɗe Sarjan, ƙara na kawo. Wagga ta ƙi gardabu."

Kawu ya hangi layin, ya hangi rumbunsa can nesa. Mai gari na tsaye yana dafe da gwiwa, yana jiran ya ga ko doka doka ce.

"Wata... wata ɗaya," in ji Kawu.

"Ta kuma ce waken Dakar bai dahu ba."

"Wata uku!" in ji Kawu. "Ta gaba!"